Abin da Mama Ke Dafawa

Shekarata ta uku ke nan a Dubai lokacin, ina wanke kofunan gilashi a kicin ɗin wani otal. Ba na fita gaba wurin baƙi, Turancina bai kai ba, a aji huɗu na bar firamare. Ni dai ga ni ga famfo, daga safe har la'asar.

A unguwar Al Nahda nake kwana, mu shida a ɗaki ɗaya, gado kan gado. Huɗu daga cikinsu sai da hannu muke magana. Ta biyar ita ce wadda nake kira Yaya, 'yar Zangon Kumasi a Ghana, Musulma, ta girme ni nesa ba kusa ba, tana goge-goge a wani ofis a unguwar Al Khabaisi. A duk faɗin garin nan ita kaɗai nake Hausa da ita. Ni kuwa ba na son yawo, a ba ni bakin gado da wanda zai saurare ni, an gama da ni. Kwano ɗaya muke ci. Ta san ni Kirista ce daga kudancin Kaduna, bai taɓa damun ta ba. Ran Lahadi ma ita ke tada ni: "Ke 'yar Najeriya, tashi, kada fasto ya fara babu ke."

Abu ɗaya na ɓoye mata. A makonmu na farko ta tambaye ni sana'ar mamata, tana zaune kan darduma, carbi a hannu. Na ce kunu take sayarwa. Alhali burukutu Mama ke dafawa, da shi ta rene mu, shi ta dafa har ta rasu. Na ji tsoron in na faɗa, wannan bakin hira ɗaya da na samu zai rufe. Yaya kuwa tana son labarin Mama, kusan kullum sai ta ce in ba ta. Tukwane, itace, matan da ke zuwa taya ta tacewa, duk gaskiya na faɗa mata. Abin da ke cikin tukunyar kawai na canza.

Wata Talata da rana, kafin a buɗe, mai kula da wurin giya, wani ɗan Nepal mai fara'a, ya tara masu kai wa baƙi abinci don su ɗanɗana wata sabuwar giya, su san abin da za su ce in an tambaye su. Kofunan suka dawo min kusan duka da saura, ga alama ba ta yi musu ba. Zan zubar ke nan na ji kumfar tana wani ɗan raɗa a hankali, irin wanda randar Mama ke yi da safen da giya ta nuna. Na kai hanci. Ina nan tsaye kamar an dasa ni ɗan Nepal ɗin ya shigo ya gan ni, ya yi dariya, ya koma ya tsiyayo min kaɗan a sabon kofi. Da hannu da guntun Turanci ya fahimtar da ni cewa ta alkama ce, ba ta manyan kamfanoni ba, wasu 'yan mutane ne ke dafa ta, da gangan suke barin ta ta yi tsami, kuma suna zuba wani busasshen fure kore mai ɗaci.

Ba ta da haske irin giyar kwalba, gurɓatacciya ce kamar ruwan tsarin gero. Na kurɓa. Tsamin ne ya fara zuwa, ya kama gefen harshe kamar tsamiyar da ta kwana a ruwa, har haƙora suka sani. Kafin in yamutsa fuska sai wani laushi ya biyo, irin na tsakiyar burodi. Can baya ɗacin ya taso, ba mugun ɗaci ba, irin na shuwakar da aka wanke sau biyu, da ƙamshin ɓawon lemu yana fita ta hanci. Sanyinta ne kawai baƙo a wurina, ta Mama da ɗuminta ake sha. Amma wanda ya dafa wannan ya san lokacin da ake tsayar da tsami kafin ya zama ɓaci. Mama takan yi wata guda ba ta dace da wannan gaɓar ba.

A gidanmu in mai tukunya ta ba ka ɗanɗano a 'yar ƙwarya, dole ka faɗi abin da bakinka ya ji, ko yabo ko kushe. Wanda ya sha ya ajiye ƙwarya shiru ya zage ta. Ɗan Nepal na tsaye yana jira. Duk abin da na iya haɗawa da Turanci shi ne tana da kyau. Ya ɗaga min babban yatsa ya tafi.

A bas maganar ta yi ta taruwa a bakina. Na iske Yaya ita kaɗai a ɗaki, tana tsintar wake a tire.

"Ke, lafiya? Kin shigo ba surutu. Wa ya mutu?"

"Yaya, yau na sha giya a wurin aiki. Kurɓa uku."

Ko kai ba ta ɗaga ba. "Ke da addininki. Je ki wanke baki, yalla, maza ki zo ki yanka albasa."

Da na tashi a nan, da shi ke nan. Amma na zauna na fara ba ta labarin tsamin, da laushin, da ɗacin, tana tsinta tana murmushi tana cewa ashe 'yar Najeriya mashayiya ce ba ta sani ba. Daɗin an saurare ni ya ɗebe ni. Sai ji na yi na ce, "Wallahi kamar ta Mama ran da ta yi kyau."

Hannunta ya tsaya a cikin waken.

"Kunun Mama?"

Na ce ba kunu ba ne. Na faɗa mata sunansa.

Ta ce, "Kunun da kika koya min da azumi, kika ce haka Mama ke yi, na wa ne?"

"Na maƙwabciyarmu."

"Na kira ƙanwata a Kumasi na koya mata. Na ce na mamar ƙawata ne." Ta ture wata tsakuwa gefe. "A Zango akwai masu dafa pito, burukutun can, a bayan gidanmu. Tare muke suna, tare muke biki. Kin ɗauka zan raba kwano da ke saboda tukunyar mamarki? Shekara uku, 'yar uwa. Kin raina ni, kin kuma raina ta."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta dafa waken, muka ci a kwano ɗaya kamar kullum. Haka washegari, haka jibi. Sai dai ba ta ƙara cewa in ba ta labari ba. In na fara "Mama takan ce," sai ta ce "To," ta jawo waya. Bayan 'yan watanni kamfaninsu ya ba su masauki a garin Sharja, ta tattara kayanta. Ta ce min ba don ni ba ne, kuma na yarda, don ita ba ta ƙarya.

Wata 'yar Uganda ce a gadon Yaya yanzu, yarinyar kirki, amma gaisuwa ce iyakarmu. Nakan kwana uku ban furta kalmar Hausa ba sai a addu'a.

Watan jiya, ranar hutuna, na zauna na ɗauki saƙon murya mai tsawo. Na faro tun daga jiƙa dawa, da yadda ake baza ta ta yi tsiro, da niƙa, da dafuwar farko da ta biyu, da yadda Mama ke kara kunne a jikin randa ta hana mu motsi. Ban rage komai ba. Na tura wa Yaya. Waya ta nuna ta saurara tun ranar. Sai bayan kwana huɗu amsarta ta zo, gajeriya, ana jin ƙarar motoci a bayanta.

"Na ji, 'yar Najeriya. Ki riƙa cin abinci."