Tantabaruna da Aka Kai Sadaka Kelle

Assalamu alaikum masu karatu. Ni mutumin Gure ne, kuma abin da zan ba ku labari ya same ni zamanin Nasara, 'yan shekaru kafin babban yaƙin Turawa na biyu. A lokacin ina da ƙarfina, ban wuce talatin da kaɗan ba, ina fataucin kanwa da gishirin manda. Takarkarai uku gare ni, in ɗora musu kaya daga kwaruruka in kai Damagaram, in dawo da hatsi da tufafi. Mutum ne ni mai baki da gadara. In na wuce magidanta suna dara a gindin bishiya sai na yi musu ba'a, in tambaye su ko dara za a tuƙa musu da daddare. A ganina duk abin da ba ya kawo abinci gida wasan yara ne.

Ciwon ya soma ne da ciwon baya, na ɗauka gajiyar hanya ce. Daga nan fitsarina ya riƙa kumfa, in tashi da safe fuska ta kumbura, da yamma ƙafafu su yi suntum, in ka danna da yatsa sai ramin ya tsaya. A wajenmu kowa ya san maganin baya da ciki kanwa ce, ga ta kuwa jibge a gidana, sai na riƙa jiƙa ta ina sha safe da yamma. Kumburi na ƙaruwa, ni kuma ina ƙara kanwa. Da abin ya kai ba na iya sa takalmi, yayana ya ɗora ni a takarkari ya kai ni Damagaram wurin lokotoro, wato likita. Bature ya dudduba ni, tafinta ya gaya mana ƙoda ce ta lalace, ba ta warkewa, sai dai a lallaɓa ta. Ya ce in bar kanwa da gishiri, in bar ɗaukar kaya. Na yi dariyar baƙin ciki, don a ce wa ɗan Gure ya bar kanwa kamar a ce wa Bafillace ya bar nono ne.

Muka dawo gida, aka sayar da takarkarai, na shige ɗaki na juya wa duniya baya. Kunyar fuskata nake ji, ba na son masu dubiya su gan ni. Tuwo ba gishiri, miya ba kanwa, komai salam a baki, kuma duk haushin a kan matata nake sauke shi, baiwar Allah ba ta taɓa mayar mini ba. Na fi shekara a haka, ina kwance ina jiran ranar da za a ɗauke ni.

Ana nan sai gwaggona ta zo dubiya daga Alakos da 'yan shila biyu a ƙwarya, ta ce a yanka a yi mini romo, shi ne abin da ake ba marar lafiya. Ran nan zuciyata na tashi, na ce a bari sai gobe. Matata ta kife su da kwando a bakin ƙofar ɗakina ta tafi daka. Kukansu ya dame ni, na ja jiki na ɗaga kwandon don in ga abin da ke damunsu, ashe ko tsinkar hatsi ba su iya ba tukuna. Na jiƙa 'yan ƙwayoyi na buɗe musu baki na ɗura. Washegari da matata ta zo da wuƙa na ce ta ƙara musu kwana. Haka na yi ta ƙara musu kwana har suka yi fiffike, ta daina tambaya.

Mace da namiji ne, suka yi ƙwai, suka ƙyanƙyashe. Na sa aka tattaro mini tsofaffin tukwane, na zauna ina huda su ina ɗaure su a jikin rumfa. Tantabara ba ruwanta da kumburinka, gari na wayewa tana son ruwa a kasko, dole ka tashi. Da haka na koma fita tsakar gida, da haka na kai ƙofar gida, har wata rana na dogara sanda na gangara kwari neman tsinkayen sheƙa, na zauna a inuwar dabino na sha iska. Kowace na san halinta: da mai faɗa, da mai ƙyuyar kwanci, da wani baƙin namiji mai son kansa da ba ya sauka sai ya zaga gidan yana tafa fiffike. Na koya musu fito, in na yi sai su sauko mini har kafaɗa. Ciwo yana nan yadda yake, ba zan yi muku ƙarya ba, amma yini ya daina yi mini tsawo, kuma matata ta ce ta manta rabon da ta ji ina dariya. 'Yan darar da nake yi wa ba'a suka samu abin ramuwa, suka naɗa ni Sarkin Tantabaru, suna tambaya ko kashinsu za a tuƙa mini. Na ce na ji, bashi ne na ci.

Yayana dai abin bai yi masa daɗi ba. A ganinsa magidanci mai gemu yana wasa da tsuntsaye abin kunya ne, ga hatsi da tsada. Da damina ta zagayo ciwo ya tashi sosai, kumburi ya hau har ciki, na kwanta ba na iya juyawa. Ya zo ya zauna a gefena, ya ce an ba shi shawara a fitar mini da sadaka, kuma sadakar ta fi ƙarfi in abin da mutum ya fi so ne, don haka zai kai tantabarun wa wani malami a Kelle. Ya tambaye ni ko na yarda. Shi ya rene ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ke ci da gidana tun da na kwanta, ban taɓa musa masa ba. Zuciyata na cewa a'a, bakina ya ce to. Da magariba suna cikin tukwanensu aka kame su kaf aka zuba a kwando.

Washegari gidan ya yi tsit. Ban san sadaka na da ciwo haka ba sai ran nan. Na daina karɓar kunu, na koma kallon bango kamar da, kuma wannan karon na ji a jikina ba zan tashi ba. Matata ta roƙe ni in aika wa yaya, na ce maganar da ta fita ta fita. Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, na ji tafin fiffike a saman ɗaki. Na ɗauka zazzaɓi ne ke yi mini wasa da kunne, sai matata ta leƙo ta ce in zo in gani. Ban iya miƙewa ba, da rarrafe na fito. Ashe malamin ya sake su yana zaton sun saba, suka kamo hanyar gida. Ba duka suka iso ba, amma baƙin namijin nan yana kan rumfa. Na yi fito, muryar ba ta fita sosai ba, duk da haka suka sauko. Na zauna a ƙasa ina kuka ina watsa musu hatsi.

Labari ya kai wa yaya, ya zo ya ce sadaka ba ta dawowa gida, a kama su a mayar. A ranar na fara musa masa tun da aka haife ni. Kaina a sunkuye na ce ya yi mini aikin gafara, ga akuyata guda ɗaya da ta rage a kai wa malam, amma waɗannan in aka sake fita da su a haɗa da ni. Ya tsaya ya daɗe yana kallon ƙafafuna da ƙurar da na kwaso a gwiwa, ya juya ya fita. Da safe sai ga shi da tiyar hatsi a hannu, ya ajiye a gindin rumfa, ya ce wannan ba na tuwo ba ne.

Har yau ciwon yana tare da ni, yakan tashi yakan kwanta, ina lallaɓa shi kamar yadda aka ce. Abin da nake so masu jinya su ji shi ne, marar lafiya ba magani kaɗai yake bukata ba, yana bukatar abin da zai tashe shi da safe. In kun ga ya kama wani ɗan abu yana jin daɗinsa, ko da a idonku wasan yara ne, ku bar masa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai kuma da ke kwance, kada kara ta sa ka ce to a kan abin da ke riƙe da ranka. Yayana da ƙauna ya tambaye ni, kuma da na gaya masa gaskiya tun ran farko da bai ɗauke su ba. Saura kaɗan kunya ta kai ni inda ciwon bai kai ni ba.