Goran da Ya Kai Ni Jarrabawa

Ran nan 'yata ta kunna mana wani fim na barkwanci a wayarta, irin waɗanda ake yi a kan ɗalibin da halinsa ya fita daban, duk makaranta na yi masa dariya. Tana ta ƙyaƙyatawa. Ni kuwa na san irin yaron nan, tare muka yi aji a sakandare a Haɗeja.

Namu ɗan masunta ne, ƙauyenmu ɗaya a cikin fadama. Kullum da wata sanda yake yawo, wai da ita yake auna ruwan kogi, kuma ko ba a tambaye shi ba sai ya ba da rahoto a aji: "Yau ya ƙaru da yatsa uku." Har malamin lissafi sai da ya haƙura. In damina ta yi nisa hanya ta shafe, sai ya kifa cikinsa a kan ƙaton gora irin na masunta, ya ɗaure yunifom da littattafai a ka, ya taho yana tuƙi da hannu. Mu da ke cikin kwalekwale mu yi ta yi masa tsiya. Ni ne ma uban 'yan tsiyar. Wallahi ina kewar safiyoyin nan.

Ranar jarrabawar wucewa aji, ruwa ya yi mana sammako. An tafi da kwalekwalen don kwaso mutanen da gidajensu suka cika da ruwa. Babana kuwa ya riga ya rantse, in na maimaita aji, gonar shinkafa zan koma. Na tsaya a bakin ruwa ina hawaye.

Sai ga shi da sandarsa. "Kuka kake? Ai jiya na faɗa muku ruwa na ƙaruwa." Ya juya gida ya ɗauko goran babansa. "Kifa cikinka nan. Ban da wutsil-wutsil, ka bi bayana."

Na yi bismilla na bi shi. Na sha ruwa ya fi a ƙirga, amma mun haye.

A ƙofar makaranta 'yan ajinmu suka gan mu jiƙe, kowa da gora, suka kwashe da dariya. Nan take na ajiye nawa, na matsa gefe, na ce ai taya shi ɗauka kawai na yi. Har na taya su dariyar. Ya dube ni, ya tattara gorunansa biyu, ya ce, "Yau ya ƙaru da taƙi guda."

Na ci jarrabawar. Har muka gama makaranta ban yi masa godiya ba, kuma abin yana cina har yau.

Da fim ya ƙare ana ta tafa wa yaron, 'yata ta ce, "Baba, ku ma kun yi irinsa?"

"Mun yi."

"Kai ne abokinsa?"

Na ce ta mayar da fim ɗin baya kaɗan. Na ɗora yatsa a kan wani da ke layin baya yana ɓaɓɓaka dariya.

"Ga ni nan."