Dubu Goma da Ɗaya a Jikin Rumbu

Ranar wata Litinin ce, da kakar shekarar da nake aji shida, Malam Sabo ya shigo ajinmu ya rubuta 10001 a allo, ya kaɗe allin hannunsa. Takardar shiga jarrabawar makarantar kimiyya ɗaya tal aka ba makarantar ƙauyenmu da ke gefen Bici, mu kuwa masu so mu huɗu ne. Ya ce lambar nan mara ce, ba cika ba, kuma ko ta dama ka karanto ta kamar allon Alƙur'ani, ko ta hagu kamar boko, ita ce dai. Abin da yake so a gano shi ne ko akwai lambar da za ta raba ta daidai ba saura, ban da ɗaya da ita kanta. Wanda ya kawo amsa da hujja zuwa Juma'a, takarda tasa ce. Sauran ukun suka ce ai daga gani ba ta rabuwa. Ni kuwa na ci alwashi sai na ga ƙarshenta, don in takardar nan ta wuce ni, karatuna ya tsaya ke nan.

Wautar da na fara yi har yau kunya take ba ni. Dawa na ɗiba a ƙwaryar Inna, na zauna bayan rumbu ina ƙirga ƙwaya ɗai-ɗai, wai in na cika dubu goma da ɗaya sai in kasa ta kashi-kashi. Yamma biyu ina abu ɗaya. Na haura dubu huɗu Inna ta aike ni rijiya, kafin in dawo kaji sun yi wasoso da lissafina. Na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata.

A haka Baba ya same ni, ya dawo daga gona da dami a ka. Bai taɓa shiga aji ba, amma ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Ɗauke ta kamar ramukan shuka. Kunya ɗari mai rami ɗari-ɗari, dubu goma ke nan. In kunyoyin suka wuce ɗari, dole ramukan kowace su gaza ɗari. To me ya kai ki neman abin da ya wuce ɗari?"

Na ɗauko gawayi a murhu na kama jikin rumbu. Na watsar da duk lambobin cika da masu ƙarewa da biyar, na shiga gwada sauran ɗaya bayan ɗaya. Uku ta ƙi, bakwai ta ƙi, sha ɗaya ta ƙi. Rumbu ya yi baƙi ƙirin, Inna tana faɗa, ni ko a jikina. Ranar Alhamis bayan la'asar saba'in da ɗaya ta bar saura. Sai saba'in da uku ta shiga cif. Kunya saba'in da uku, kowace rami ɗari da talatin da bakwai. Sau uku na maimaita kafin in yarda. Da safe Malam Sabo ya duba, ya sake dubawa, ya miƙo mini takardar ya ce in rubuta sunana.

Yau lissafi nake koyarwa. Kwanan baya na ba 'yata wannan lamba, ta danna waya, kafin in zauna ta faɗa mini amsa. Na ji daɗi, amma raina ya koma bayan rumbun nan da ya daɗe da rushewa, da Baba, Allah ya jiƙansa, tsaye da dami a ka. Sunana na rubuta a takardar, amma rabin lissafin nasa ne.