Allon Mama Justina da Sha Biyar ga Janairu

Ƙarfe takwas da rabi na safe, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, Justina Kambai ta sauka daga bas a Moss Side, can a Ingila, ta buɗe ƙaramin ɗakin karatu na unguwa. Kafin ta kunna hita, kafin ma ta cire rigar sanyi, sai ta ɗauki alli ta tsaya gaban baƙin allon da ke bakin ƙofa, ta rubuta abubuwa uku da suka taɓa faruwa a rana irin ta ranar. Turanci a sama, Hausa a ƙasa. Ba wanda ya sa ta. Aikin da aka ɗauke ta jera littattafai ne da buga hatimi, amma shekara ashirin da biyu ba ta taɓa barin allon nan ya wuni fayau ba.

Rana ɗaya ce tak a shekara Mama Justina take yi mana wayo, wato sha biyar ga Janairu. Sai ka ga ta rubuta cewa a 1559 an naɗa wata sarauniya a Ingila, a 1759 an buɗe babban gidan tarihi na Landan, na uku kuma ta lalubo abin da ba zai hana kowa cin tuwo ba. Ba rashin sani ba ne. Ta san a ranar ce a 1966 sojoji suka kashe shugabanni a Kaduna da Ikko. Ta san a ranar ce a 1970 yaƙin basasa ya ƙare. Tana 'yar shekara goma sha huɗu ta yi sati uku tana zuwa tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, tana duba fuskar kowane soja da ya sauko. Nata uban, Kofur Gamaliel, bai sauko ba.

Abin da take gudu a fili yake. Duk shekara Musulminmu na unguwar Cheetham Hill sukan taru su yi wa mamatan 1966 addu'a, 'yan coci kuma su taru su tuna da sojojinsu. Kowa da nasa ciwon, kowa da nasa zauren. Ba ta son allonta ya zama wurin cacar baki.

Sai gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu. A ƙarshen 2010 takarda ta zo daga Council, wato hukumar gari: duk ɗakin karatun da masu katinsa ba su da yawa za a rufe shi, kuma za a rufe rajista ran Asabar, sha biyar ga Janairu. Da farko Mama Justina dariya ta yi, don ran Asabar ko kujera ba a samu a wurin. Da ta duba sunaye sai dariyar ta koma ciki. Mutanenmu suna karatu, ba shakka, amma da kati ɗaya. Hajiya Turai, wata dattijuwa mai ƙatuwar jaka, ita ke ara wa kowa ta bi gida-gida tana rabawa.

"Hajiya, card ɗin nan naki gida nawa yake yi wa hidima?" in ji Mama Justina.

"Tara ne kawai, 'yar'uwa. Me za a yi da card tara alhali jakata guda ta isa? Ai rashin kunya ne in bar dattawa su zo su bi layi."

"To ladabinki zai rufe mana ƙofa. Council ba ta ganin jaka, suna take gani."

Dole kowa ya zo da ƙafarsa da shaidar adireshinsa. Likitoci ne da injiniyoyi da masu aikin dare, ranar da za a same su a dunƙule kuwa ita ce wannan Asabar ɗin, kowane ɓangare a nasa taron. 'Yan cocinsu ba su ba ta wahala ba. Sai ta yi ta maza ta buga wa Alhaji Halliru Jumare waya, injiniyan da ya koma Ladywood a Birmingham amma duk shekara yakan tuƙo mota ya zo ya jagoranci addu'ar.

"Ranka ya daɗe, in kun shafa, ku biyo ta wajena."

"Haba Mama Justina, ranar nan ba ranar library ba ce."

"Na sani, Alhaji. Ranar ce aka ce mana kowa zai dawo gida. Nawa uban har yau bai dawo ba."

Alhaji ya ce, "Shekara nawa muna gaisawa ban san wannan ba?"

"Ba ka tambaya ba, ni ma ban rubuta ba."

Ran Asabar ɗin ta rubuta 1966 a layi na farko, 1970 a na biyu. A na uku ta rubuta, "Wa ka rasa?" Ta sa sunan ubanta a ƙasa, ta ajiye allin.

Bayan azahar suka iso. Waɗanda suka ga abin sun ce an fi minti biyar masu huluna a gefe guda, masu ɗauke da littafin waƙoƙin coci a ɗaya gefen, kowa ya zuba wa allon ido. Mama Justina tana ganin ta ɓata komai da hannunta. Alhaji Halliru ya matso ya karanta allon har sau biyu. Ya ɗauki alli ya rubuta "Abdulsalam Jumare, direba" dab da sunan Kofur Gamaliel. Kawunsa ne, ya fita aiki a 1966 bai dawo ba. Ya juya ya miƙa allin ga wata tsohuwa 'yar coci mai suna Rebecca. Kafin la'asar allo ya cika, an koma kan takarda. Duk wanda ya ajiye alli yana share ido, Hajiya Turai na tsaye ta tasa ƙeyarsa zuwa teburin yankar kati.

Ba a rufe ɗakin ba. Amma ba a tsira kalau ba, don an rage kwanakin buɗewa zuwa huɗu, an kuma yanke wa Mama Justina awoyin aiki. Abin ya yi mata ciwo, ta faɗa ba ta ɓoye ba, washegari kuma ta ɗauki allinta.

Mama Justina, ke ce kika haɗa mutanen da shekara da shekaru gaisuwa kawai ke haɗa su. Ke ce kika riƙe naki kukan shekara arba'in, ranar da kika fito da shi kuma ba don kanki kika fito da shi ba. Uwar allo, mai buɗe ƙofa da sanyin safiya, mun ga aikinki.

Ran Juma'a, sha biyar ga Janairun bana, 2016, ita ce ranarta ta ƙarshe a wurin aiki. Ta sauko daga bas ta tarar abokiyar aikinta ta riga ta buɗe, Alhaji Halliru na tsaye da farin alli har a hannun rigarsa. Tun asuba ya baro Birmingham. Ya rubuta 1966, ya rubuta 1970. A layi na uku ya sa: "2011, Justina Kambai ta tambaye mu wa muka rasa."

Ta daɗe tana kallo. Ta share ido da gefen mayafin wuyanta ta ce, "Alhaji, kai da kake injiniya, layinka ya karkace."

"Sai ki riƙa zuwa kina gyara min," in ji shi.

Mun gode, Mama Justina. Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki huta lafiya. Ku kuma masu karatu, ɗakin na buɗe Talata zuwa Juma'a. Ku je da ƙafarku ku yanki kati da sunanku, ku bar jakar Hajiya Turai ta huta. In kun fito, ku tsaya ku tambayi maƙwabcin da kuke gaisawa da shi kullum wa ya rasa.