Gidan da na nuna wa Bagirike a Doha

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar filin jirgin Kano, ni da abokaina biyu, za mu Doha kallon Kofin Duniya, gasar da ko Najeriya ba ta samu shiga ba. Ƙanina, direba a wani kamfanin gine-gine, shi ya sauke mu a ɗakinsa da ke wata unguwa mai suna Matar Ƙadim.

Garin tsaf yake har ya ba ka haushi. Titi ba rami, jirgin ƙasa kyauta ga mai tikitin kallo, shayin karak riyal ɗaya. Filin wasa na Al Thumama kuwa kamar an kifa farar hular saƙa.

Rana ta uku ƙanina ya kai mu gaida maigidansa, wani dattijo ɗan ƙasar Girka mai gyaran injuna. Ya yi dariya da ya ji inda muka fito, ya ce su ma 'yan kallo ne bana. Ya kawo burodi da man zaitun, ya ce na ƙauyensu ne.

Yana da shekara goma sha bakwai ya bar ƙauyen saboda babu, ya yi aiki a jiragen ruwa, ya ƙare a nan. Yayarsa ce kaɗai ta rage a gidansu. Ta rasu lokacin korona, babu jirgi, a waya ya kalli jana'izarta. Ya buɗe taswira a wayar, ya yi ta jawowa da yatsa har rufin gida ya fito. Ga rijiya, ga itatuwan zaitun, ga inda uwarsa take kwance. Ya ce kullum sai ya leƙa kafin ya karya.

Sai ya miƙo mini wayar. "Yalla, nuna mini naku."

Ƙauyenmu tafiyar awa biyu ce daga Kano. Rabona da shi tun jana'izar Baba, shekara goma sha ɗaya. Na samo garin da ƙyar, amma gidan da aka haife ni ya gagara. Gumi ya karyo mini ga na'urar sanyi tana aiki. Na dangwala yatsa a kan wani gida mai bishiya na ce, "Ga shi."

Dattijon ya daɗe yana kallo, ya yaba bishiyar, ya tambayi wa ya dasa ta. Na ce kakana. Ƙanina ya leƙo wayar, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Sauran wasannin da ido kawai na kalle su.

Mun dawo Kano ranar Talata, Laraba na shiga motar ƙauye. An yi kwalta, masallacin ya sake fasali, duk na rikice. Na hangi wani magidanci a ƙofar wani zaure yana gyaran keke, na yi sallama, na ce gidan marigayi Malam nake nema, na faɗi sunan Baba.

Ya ce, "Ai a ƙofarsa kake tsaye. Baƙo daga ina?"

Ɗan baffana ne, tabarma ɗaya muka kwana muna yara.

Abin da tafiyar ta koya mini ke nan. Shi dattijon teku ne da annoba suka raba shi da gida. Ni ba ni da abin da zan ce ya hana ni.