Idanun Pak Harjito

Bu Ngatinem maƙwabciyarmu ce a garin Salatiga, katanga ɗaya ta raba mu. Tun tana budurwa take sana'ar tempe: ta dafa waken suya, ta murje ɓawon, ta naɗe a ganyen ayaba, ta kai kasuwa da safe. Karatunta a firamare ya tsaya, kuma ban taɓa jin ta yi kukan haka ba. Mijinta, Pak Harjito, shi ne mai boko. Kimiyyar sinadarai ya koyar a sakandare har ya yi ritaya, kuma ko bayan nan ɗalibai ba su daina zuwa barandarsa bayan la'asar ba.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Likita ya ce aiki kaɗan ne, amma mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana aiki da ruwan asid ya ce shi wuƙa ba za ta taɓa idonsa ba. Da ya kai ga ba ya ganin rubutu, sai ya yi niyyar sallamar yaran.

"Ka sallame su ka zauna kana yi mini ƙorafi? A'a, Pakne," in ji matarsa, don haka take kiransa. "Ni zan karanta maka."

Ta ɗauko tirenta na wake ta zauna gefensa. Ɗalibi ya miƙa aikinsa, ita ta karanto, shi ya gyara. Ina jin su ta kan katanga ina shanya.

Ranar farko aka yi rigima. Darasin na auna yawan sinadarin da ya narke a lita ɗaya na ruwa ne. Ta karanta, "Biyar em."

"Wane em, Bune?" in ji shi. Shi kuma haka yake kiranta.

"Em nawa gare ku?"

"Babba shi kaɗai, mola ke nan. In da ƙarami a gabansa, milimola."

"To wannan akwai wani a gabansa mai wutsiya, kamar ƙadangaren da aka taka."

"Maikromola! Ai kin kusa kashe mutum. Tsakaninsa da babban sau miliyan ne."

"Da takarda zan kashe shi?"

Yaran suka fashe da dariya, shi ma ya kasa riƙe fuska.

Sannu a hankali abin ya zauna mata. Wata rana tana naɗe tempe sai ta ɗago kai ta ce, "Ashe kilo da giram ne kuke ta wahalar da yara a kai. Babba ɗaya, ƙanana dubu. Ƙarami ɗaya, masu wutsiya dubu."

"Haka ne," in ji shi.

"To me ya hana ka faɗa haka tun farko?"

"Na faɗa. Ba ki biya kuɗin makaranta ba ne, shi ya sa ba ki ji ba."

Daga nan in yarinya ta rubuta cewa milimola biyu maikromola ɗari biyu ne, tun kafin ya buɗe baki za ta ce, "'Yata, kin ci sifili ɗaya. Yunwa kike ji?" Sai ta tura mata farantin soyayyen tempe. Ba ta taɓa cewa ta san mene ne mola ba. Da na tambaye ta, sai ta ce, "Wannan nasa ne. Ni dai hawa da sauka na iya."

Ana nan har 'yarsu da ke aure a Semarang ta haihu. Aka ɗora masa jaririyar a cinya, ya shafa fuskarta da yatsa, don ba ya iya ganinta. Washegari da kansa ya ce a kai shi asibiti. Aka yi aikin, ido ya buɗe. Ya dawo yana ƙare wa gidan kallo, har ya ce wa matarsa ai bai san ta yi furfura haka ba. Ta ce ko a mayar da yanar ne?

Na ɗauka shi ke nan ta huta. Da yaran suka dawo, ta zauna a kicin, tana ta buga murfin tukunya ba dalili. Can na ji muryarsa.

"Bune! Yaran nan rubutunsu kamar tsakuwa. Idona na yi mini yaji."

Ta fito da tirenta tana gunguni ta zauna. Na leƙa na ga tabaransa sabo fil a aljihun riga. Da safiyar ranar kuwa na gan shi yana karanta jarida har da ƙananan tallace-tallace. Ita ma ta gani, don ita ta kai masa shayi. Ta karɓi takardar farko ta fara karanta masa.

Haka suke har yau. Ta rage zuwa kasuwa saboda gwiwa, masu saye ke biyo ta gida. In sun zo bayan la'asar sai su jira a bakin ƙofa, don ba ta tashi sai an gama shafin.