Na Musanya Ruwan Garinmu

Ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda suka san ni za su gane ni kafin su yi nisa da karatu, waɗanda ba su san ni ba kuma sunan ba zai ƙara musu komai ba. Da ku matasa nake, musamman masu haramar fita waje neman na kai.

Ni ɗan kasuwa ne, kuma ba wanda ya ba ni jari. Da leburanci na shiga Riyad, ina ɗaukar bulo a rana. Daga nan na koma loda kaya a wani sito da ke Birnin Masana'antu na Biyu, inda na koyi yadda ake tura kaya ta jirgi da ta ruwa. A hankali na samu ɗan shago a unguwar Ulaisha ƙarƙashin kafil ɗina, wato Balaraben da ya tsaya mini, ina tura wa 'yan uwanmu kaya gida: dabino, darduma, turare, har injin wanki. Duk mai saƙo ni yake nema. Kun san al'adarmu: saƙo ba a buɗe shi a gaban mai ɗauka, ba a kuma neman shaida. In ka ce wa mutum ya rubuta maka cewa ya karɓa, ka zage shi. Da wannan yardar na tashi, da ita kuma na fara ɓarna.

Farko abin bai taka kara ya karya ba. Kwalin dabino, sai in jera mai kyau a sama, na bara a ƙasa. Kwalbar turare, sai in tsiyaye kaɗan in cika da mai. Ba wanda ya taɓa dawowa ya yi mini magana. Wanda aka kai wa tsaraba ba ya kushe ta, wanda ya aika kuma bai gani ba. Nan na gane cewa mutum ba ya bincikar wanda ya yarda da shi, na kuma ɗauki wannan a matsayin ilimin kasuwa.

A can gida, wani kamfani ya kafa masana'antar ƙona kwal a gefen garinmu don samar wa kansa wutar lantarki. Tokar da ke fita suna tara ta a wani babban kududdufi sama da unguwarmu. Bayan 'yan damuna ruwan rijiyoyi ya canza ɗanɗano. Yara suka fara ƙaiƙayi da ciwon ciki, awaki suna ɓari. Yayata, Yaya Rakiya, ungozoma ce a ɗakin shan magani na garin, ita ta fara lura. Ta tara mata, suka kai ƙorafi Majalisar Dokokin Jiha suna neman a tilasta wa kamfanin rufe kududdufin. Kafin a yanke hukunci, ta hana mutane shan rijiya. Mata suka koma tafiya mai nisa zuwa famfon tuƙa-tuƙa na wani ƙauye.

Mu 'yan garin da ke Riyad muka ɗauki maganar da zafi. Gidan rediyon jiha yana sa zaman majalisa kai tsaye, kuma lokacin da suke zama da safe, mu a Riyad an yi Azahar. Sai shagona ya zama majalisarmu. Malam Isiyaku, wani dattijo direban gida da ke shugabantar ƙungiyarmu, zai jingina wayarsa da fulas ɗin shayi, mu kewaye ta. Kullum sai mu ji an karanta abin da aka yi jiya, an gabatar da ƙudurin gyaran kasuwa, an yi musu kan motocin 'yan majalisa, sannan a ce an miƙa ƙorafinmu ga kwamitin muhalli, an ɗage zama.

"Waɗannan ko ɗage ne sunan kakansu?" in ji Malam Isiyaku. Mu yi dariya, mu watse.

Daga ƙarshe kwamitin ya ce a kawo sakamakon gwajin ruwa. Yaya ba ta yarda da wuraren gwaji na gida ba, tana tsoron hannun kamfanin ya kai can. Ta kira ni.

"Ƙanena, a ƙasar da kake ba su san kowa ba. Zan ba masu zuwa Umara ruwan, ka kai a gwada mana."

Na ce, "Yaya, ki ɗauka an gama."

Kafin ruwan ya iso, wani baƙo ya iso. Alhaji Tanimu sunansa, ya ce daga Umara yake ya biyo ta Riyad gaishe da 'yan gida. Ya zauna a shagona, ya yaba tsarina, ya tambayi yadda nake tura kaya. Sai da kowa ya fita sallah sannan ya faɗi ko shi wane ne: shi ke saya wa kamfanin kayan gyaran injina, kuma suna neman wanda zai riƙa tura musu daga Riyad. Aikin shekara da shekaru ne, irin wanda ke fitar da mutum daga ɗan shago zuwa babban sito.

Na ce, "To, Alhaji, me ake so in yi?"

Ya ce, "Ni ban ce ka yi komai ba. Na dai ji za a kawo maka ruwa. Ruwa kuwa ai ruwa ne, ɗan uwa. A kwalba duk kamarsu ɗaya."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na raka shi har mota, na karɓi lambarsa.

Kwalaben sun zo naɗe cikin tsohon zanen Yaya. Da na ɗaga ɗaya a rana, ruwan ya yi ɗorawa-ɗorawa, da wani gari mai ruwan toka kwance a ƙasa. Da na buɗe, warin ashana ya bugi hancina. Na tsaya a banɗakin bayan shago ina lissafi irin na ɗan kasuwa. Na ce a raina majalisar nan ko da gaskiyar aka kai mata ba abin da za ta yi, kamfanin ya fi ƙarfinta. Tunda ƙorafin faɗuwa zai yi, gara wani ɗan garin ya amfana. Na zubar da ruwan, na wanke kwalaben da sabulu, na cika su da ruwan jarka da muke saya don sha. Su na kai wani wurin gwaji mai zaman kansa da ke duba wa manoma ruwan rijiya.

Ranar da aka karanta sakamakon a zaman kwamiti muna kewaye da wayar Malam Isiyaku. Muka ji wani ɗan majalisa ya ce, "Mai girma shugaba, ashe ruwan mutanen nan ya fi wanda muke sha a nan zauren tsabta. Ina ba da shawara su riƙa kawo mana." Zauren ya ɗauki dariya. A shagona ba wanda ya yi motsi. Ni kuwa na shiga zuba wa mutane shayi don kada a kalli fuskata.

Abin da ban saka a lissafina ba shi ne wannan: mata sun gaji da tafiya. Da suka ji takarda daga Saudiyya ta ce ruwan lafiya ƙalau, sai suka koma rijiya. Wa zai yi musu da gwajin ƙasa mai tsarki? Yaya ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ko ni ce na ruɗe, ƙanena? Ana nuna ni a gari ana cewa na wahalar da mata a banza. Har Nana na bari ta sha, tunda kai ka kai da hannunka."

Nana jikarta ce, a ɗakinta take kwana. Na ce, "Allah ya sauwaƙe, Yaya." Na kashe waya na koma cika kwantenar Alhaji Tanimu ta farko.

Amma Yaya ba ta da saurin sallamawa. Yara ba su daina ciwo ba, don haka ta matsa har kwamitin ya yarda a sake gwaji sau ɗaya. Ta sake aiko ruwa. Wannan karon mai saƙon a hannun Malam Isiyaku ya bar shi, shi kuma ya zo da motar maigidansa ya ce, "Shigo in rage maka hanya, rana ta yi zafi." Ba zargina yake ba, kirki ne kawai. Haka ruwan gaskiya ya isa wurin gwaji ina ji ina gani.

Ni kaɗai na koma karɓar sakamako. Ma'aikacin ya riƙe takardar bai miƙo ba, ya tambaye ni da Larabci ko rijiyar masana'anta ce.

Na ce ta mutanen gari ce.

Ya ce, "Mutane ke shan wannan? Ka ce su daina yau. Ko dabba kada a ba."

A nan ne Allah ya buɗe mini ƙofa, ku lura da kyau. Da na aika takardar yadda take, da an ce gwajin farko kuskure ne, ba wanda zai taɓa sani. Amma kwantena ta biyu tana hanya, Alhaji Tanimu kuma ya san abin da na yi. Da na kira shi, cewa ya yi, "Wanda ya fara rawa ai ba ya tsayawa a tsakiyar fage." Na nufi unguwar Batha wurin wani mai haɗa takardun jabu, ya sauya lambobin, ya bar tambari da sa hannu. Na tura wa Yaya. Na farko na yi shi ina yaudarar kaina. Na biyu kuwa na yi shi da sani, da maganar mutumin nan a kunnena.

Wani lauya da ke taimaka wa matan ne ya tuntuɓi wurin gwajin kai tsaye, ya tura musu hoton takardar don su tabbatar. Suka ga tambarinsu a kan lambobin da ba nasu ba. A Saudiyya ba a wasa da jabun takarda. Wata rana bayan Azahar, muna sauraron majalisa ana musu kan kuɗin taki, 'yan sanda suka shigo suka nemi iƙamata, wato katin zamana a ƙasar. Malam Isiyaku ya miƙe yana cewa tabbas kuskure ne, wannan yaron amana ne. Na ce, "Malam, zauna. Ba kuskure ba ne." Kallon da ya yi mini har yau ban sami sunan da zan ba shi ba.

Ban wahalar da alƙali ba, na amsa laifina. Aka yanke mini ɗauri da tara, da kora in na gama. Kafil ɗina ya rufe shagon, lambar Alhaji Tanimu ta daina shiga. A kurkuku ba duka ne ya dame ni ba, ba wanda ya taɓa ni. Ruwa ne ya dame ni. Duk lokacin da na ɗaga kofi sai in tuna akwai waɗanda ke ɗaga nasu a daidai wannan lokacin bisa maganata.

Sau ɗaya na samu Yaya a waya daga can. Na fara ba da haƙuri, ta katse ni.

"Muna asibitin birni. Nana ta kumbura, sun ce ƙoda ce. Ba a ce ruwan ne ba, ba a ce ba shi ba ne. Ni dai na san wanda ya miƙa mata kofi, na kuma san wanda ya sa na miƙa."

Ba ta zage ni ba. Da ta zaga da ya fi mini sauƙi.

Da wa'adina ya cika aka sa ni a jirgi da kayan jikina, an hana ni sake shiga ƙasar. Na tuba ga Allah tun ina ciki, amma na san haƙƙin mutane ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai. Don haka da na dawo na roƙi lauyan ya kai ni gaban kwamitin. Na tsaya a zauren da na saba ji ta waya, na faɗi komai, na kuma ce ga sakamakon gaskiya a hannun lauya. Ɗan majalisar nan mai barkwanci ya miƙe.

"Mai girma shugaba, wannan bawan Allah da bakinsa ya ce ya yi mana ƙarya sau biyu. Yau kuma ya ce mu yarda da shi. Wa ya san abin da ya zuba a kwalbar ta biyu kafin a kai?"

Tambayarsa daidai ce. Kwamitin ya yi watsi da duk abin da ya bi ta hannuna, har da gaskiyar. Aka ce a sake gwaji daga farko, aka ɗage zama. Yanzu da nake rubutun nan maganar tana gabansu. Kududdufin ya ƙara faɗi, damina kuma ta kusa. Ana kai Nana wankin ƙoda, ni ke ɗaukar ta a bayan babur, kakarta na amsa gaisuwata amma ba ta ƙara ce mini ƙanena ba.

Matasa, ga shawarata, ta ɗan kasuwa ce ba ta malami ba. Kada ku ce cutar kaɗan ce. Hannun da ya saba sa dabinon bara a ƙasan kwali ba ya rawa ranar da aka ba shi ran mutane. Ku ji tsoron baƙon da ya kawo muku alheri ya ce bai ce ku yi komai ba. In aka ba ku saƙo, ku kai shi yadda yake, ko da ba mai gani. In kuwa kun riga kun zame, ku tsaya a ta farko ku faɗa, tun maganarku tana da daraja. Ni na jira sai da ta ƙare, na zo da gaskiya a hannuna ranar da garinmu ya fi bukatarta, ba a sami mai karɓa ba.